Buhu Goma Sha Biyun da Ba Su Iso Ba

Shekara goma sha ɗaya Valdirene da mijinta Genival suna kwana a ƙarƙashin rufin kwanon da ya riga su tsufa. Duk damina sai an yi ta jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, ana neman inda ba ya yoyo. A unguwarsu ta Ibura, can kan tudun birnin Recife, mutum bai cika mai gida ba sai ya zuba rufin kankare. Kuma ba a zuba shi da 'yan ƙwadago, gayya ake kira. Maza su zo da bokitansu ranar Lahadi, masu gida su ciyar da su su shayar da su, kafin rana ta karkata an gama. Ba a biyan kowa ko sisi, amma Lahadi ɗaya tak unguwa take bai wa mutum. Genival ya ɗauki bokiti a rufin gida tara. Wannan Lahadin ta ƙarshen Maris tasa ce.

An riga an yaye tsohon kwanon, an jera ƙarafa da bulo a sama, an tokare su da katako daga ƙasa. Yashi da tsakuwa na jibge a ƙofar gida. Siminti kaɗai ya rage, domin Seu Adelmo magini ya ce kada a saya sai ana gobe, kada danshi ya ɓata shi. Buhu arba'in ya ce. Kuɗinsu dubu ɗaya da ɗari huɗu na real, kuɗin ƙasar, suna cikin asusun Valdirene, don ita ce mai riƙo a gidan. Genival direban bas ne, mutumin kirki, sai dai hannunsa rariya ne, shi da kansa yake faɗa.

Valdirene ruwan rake take sayarwa a kasuwa. Rumfar da ke gefenta ta Cleonice ce, mai sayar da rigunan waya, wadda ta tsaya wa 'yar Valdirene a coci ranar baftisma, shi ya sa suke kiran juna comadre. Ita ta fara nuna mata ƙaguwar. Wani gidan caca ne na cikin waya, da hoton jar ƙaguwa mai haƙoran zinariya, tana rawa duk sanda aka danna.

"Ni caca? Rufa mini asiri, comadre," in ji Valdirene. "Cacar da ta cinye babur ɗin ƙanena?"

"Wannan daban ce. Tana da kashbak."

"Tana da me?"

"Mayar da asara. In aka cinye ki, ƙarshen mako sai su mayar miki da wani abu a ciki. Ke in mutum ya shanye kofinsa ba kya ƙara masa rabi kyauta?"

"Ai wannan gyara ce, kowa na yi."

"To su ma gyara suke bayarwa. Ina asarar take?"

Maganar ta shige ta, domin ta taɓa inda take alfahari. Duk kasuwar an san babu mai gyara kamar Dona Valdirene, yadda ake kiranta don girmamawa. Ita a saninta, mai ba da gyara mutum ne mai kunya, wanda yake son ka dawo gobe ku gaisa. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin cewa ita tana ƙara wa mutum ne a kan abin da ya sha, su kuwa suna yago masa ne daga abin da suka ƙwace masa ba.

Da real biyar ta fara, ranar Litinin, lokacin da kasuwa ta yi sanyi. Ta ci goma sha takwas, ta saya wa Cleonice gasasshiyar masara. Ranar Talata ta ci sittin kafin azahar, ta mayar da su kafin la'asar. Ranar Laraba cinikin ranar ya tafi, sai ta ce bari ta ɗan ara daga kuɗin siminti ta dawo da shi. Kowa ya san sauran labarin, ba sai an ja shi ba. Ranar Alhamis da yamma, tana wanke injin matse rake, ta duba ta ga ɗari huɗu da talatin na siminti sun bi ƙaguwa rami.

Ta zauna a kan akwatin ƙanƙara.

"Na shiga uku, comadre. Genival ya riga ya gayyaci mutum ashirin."

Cleonice ta karɓi wayar ta latsa nan ta latsa can, ta juyo da ita. "Kalli nan. Makon rahama ne. Wanda asararsa ba ta kai ɗari shida ba, kashi goma za su mayar masa. Wanda ta kai ɗari shida kuwa, rabi cif. Lahadi ƙarfe takwas na safe yake shigowa."

Valdirene ba ta yi nisa a makaranta ba, amma a lissafin kasuwa ba a cutarta. In ta tsaya a nan, arba'in da uku za a ba ta. In ta ƙara zubar da ɗari da saba'in, ɗari uku za a ba ta. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya, ta ga ba makawa wanda ya fi asara shi ya fi riba. Lissafin daidai yake, abin haushin ke nan. Ba wauta ce ta kai ta ba, wayo ne.

Saboda haka ranar Juma'a ta zauna ta yi abin da ba ta taɓa zaton mai hankali zai yi ba, ta dage sai ta yi asara. Ita kuwa ƙaguwa, kamar da gayya, sai ta shiga ba ta. Ta danna, zinariya ta zubo, tasa'in ta shigo.

"Kai, Allah wadai!" in ji ta.

Wani dattijo da ke shan ruwan rake ya leƙo. "An cinye ki, Dona Valdirene?"

"Ci na yi."

"To sai ki zage ta? Ke kuwa wace irin mace ce?"

Ta ƙara girman abin da take zubawa, ta yi ta dannawa da haushi har tasa'in ɗin ta tafi, ɗari da saba'in ta bi bayanta. Da ta ga layin da ke nuna asararta ya cika ya zama kore, ƙaguwa ta ɗaga tuta, sai ta ji wani sanyi a ranta, har ta yi alamar gicciye. Mace ta zubar da buhu goma sha bakwai tana godiya.

Ranar Asabar ta haɗa abin da ya rage da cinikin ranar, ta je shagon Bira mai kayan gini, ta biya buhu ashirin da takwas. Da ɗari ukun gobe za ta ƙaro takwas. Sauran huɗun kuwa, ta ce a ranta, ai magina kullum sai sun ƙara gishiri, talatin da shida ma za su isa. Da Genival ya dawo aiki ya ƙirga buhunan, ya sake ƙirgawa.

"Val, ashirin da takwas nake gani."

"Na Bira ne suka ƙare. Ya ce da safe motarsa za ta kawo sauran."

"Ranar Lahadi?"

"Yana buɗewa har sha biyu. Kai dai je ka ji da giyarka da ƙanƙara, ka bar mini nawa."

Ya yi dariya, ya sumbace ta a ƙeya, ya tafi. Shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa yi masa ƙarya a kan kuɗi ba, don haka bai san kamarta ba.

Lahadi tun ƙarfe shida aka fara taruwa. Aka tayar da injin kwaɓa siminti, ƙararsa ta cika layin. Wani ya kunna kiɗa. Maza suka yi jeri daga bakin injin har kan tsani, bokiti na wucewa daga hannu zuwa hannu, Seu Adelmo a sama da dogon katako yana baje kankare yana zagin kowa. Daga gaban gida ya fara, ta kan falo, zai bi ta kan kicin ya ƙare a ɗakin kwana da ke baya.

Kafin a zuba bokitin farko ya leƙo ƙasa. "Dona Valdirene, sauran simintin fa? Na gaya miki, wannan aikin in an fara ba a tsayawa."

"Yana hanya, Seu Adelmo."

"To, bakinki ya faɗa."

Ita tana can ta bayan gidan ƙarƙashin tamfol, da tukunyar wake da ta ƙafar saniya a kan gawayi, wayar a aljihun riga. Ƙarfe takwas daidai wayar ta yi ƙara. Ƙaguwa na rawa, ɗari uku sun shigo, ba su yi ƙarya ba. Ta danna wurin cire kuɗi. Bai motsa ba. Ta goge yatsanta a riga ta sake dannawa. Sai wani rubutu ya fito, ƙanana kamar tururuwa: wannan kuɗin kyauta ne, ba a cire shi sai an yi wasa da shi ninki ashirin kafin ranar ta ƙare.

Ta kira Cleonice, wadda ke can gefe tana yanka albasa.

"Mene ne ninki ashirin?"

"Sai kin juya shi har ya kai dubu shida, sannan su sake miki."

"Dubu shida? Ina na ga dubu shida?"

"Ba sabon kuɗi ba, shi ɗin za ki yi ta juyawa, ki ci ki mayar, ki ci ki mayar. Haba comadre, wannan ai kowa ya sani."

"Kowa ya sani? Ke da bakinki kika ce gyara ce!"

"Rage murya. Na ce gyara ce, ban ce ki sa kuɗin rufi ba."

"Ke kin taɓa cire naki?"

Cleonice ta mai da ido kan albasa. "Saura kaɗan na cire, wancan watan."

A nan ne ya kamata ta ajiye ludayi ta fita ta tsaya a gindin tsani ta ce a dakata. Buhu shida kaɗai aka kwaɓa. Shagon Bira na buɗe, maza ashirin na tsaye, kowa da ɗan abinsa a aljihu. Da an ji kunya, da an yi gulma ta mako biyu, da an wuce wurin. Ta san haka sarai. Har ta taka zuwa bakin lungu, sai ta hango Genival a tsakiyar jeri, ba riga, siminti har gira, yana waƙa yana tsokanar maƙwabcinsu mai tumbi cewa bokiti ya fi shi nauyi. Ba ta taɓa ganin farin cikinsa ya kai na ranar ba. Ta juya ta koma wurin tukunya. Awa huɗu ne kafin sha biyu, ta ce, wata ƙila ta kai.

Haka ta yi safiyar nan, hannun dama na juya wake, na hagu na danna ƙaguwa. Ɗari uku suka zama ɗari biyu da goma, suka hau ɗari uku da tamanin, suka sauko. Wani sabon layi a ƙasan allon yana nuna mata nisan da ta yi cikin dubu shidan, yana tafiya kamar wanda aka aika ba ya so. Duk sanda injin ya tsaya aka farke sabon buhu, tana jin ƙarar takardar har cikin haƙoranta.

"Val! Ina motar Bira?" Genival ne daga kan tsani, wajen ƙarfe goma.

"Na kira shi, ya ce suna lodi!"

"Ce masa in ya makara ba shi ba ƙafar saniya!"

Maza suka kwashe da dariya. Ita ma ta yi, fuskarta kamar an ɗaure ta da igiya.

Sha ɗaya saura, ƙaguwa ta yi mata ruwan zinariya, kuɗin ya kai ɗari huɗu da goma. Buhu goma sha ɗaya ke nan, ga su tana gani da idonta, a tafin hannunta, amma wurin cire kuɗi na nan a dushe. Layin bai ma kai rabi ba. Ta duba agogo ta ga da real biyu biyu ba za ta kai ba ko da za ta yini, sai ta mai da shi ashirin ashirin. Waken ya kama a gindin tukunya, Cleonice ce ta ji ƙauri ta zo ta sauke.

Sha biyu saura kwata, kuɗin ya koma sifili. Ƙaguwa ta ɗaga mata hannu.

Ta tsaya riƙe da wayar. Ko a lokacin da sauran minti goma sha biyar, shagon Bira kuwa tafiyar minti biyar ce a babur. Ba ta motsa ba. Tsoro ne, ba wani abu ba, irin tsoron da ke sa mutum ya gwammace gida ya faɗo masa da ya buɗe baki.

Sha biyu da rabi injin ya yi shiru. Aka kashe kiɗa. Mai kwaɓawa ya ɗaga takardar buhun ƙarshe ya karkaɗe ta don kowa ya gani. An rufe falo, an rufe kicin, kankare ya shiga ɗakin kwana ya tsaya a tsakiyarsa. Bokitai suka tsaya a hannun mutane.

Genival ya zagayo ta bayan gidan yana share fuska da tsumma.

"Ba ni lambar Bira, ni zan yi masa magana."

"Ya rufe."

"Motar fa?"

"Babu mota, Genival."

Ta miƙa masa wayar. Shi ba mai saurin karatu ba ne, ya daɗe yana kallo, leɓensa na motsi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ta gaya masa duka, daga real biyar ɗin Litinin har zuwa ɗari da saba'in da ta zubar da gangan. A nan ya ɗago kai.

"Da gangan?"

"Don su mayar mini da rabi."

"Suka mayar?"

"Sun mayar, amma ba a cirewa."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa hanyar wani gari da ba zai je ba. "Yaushe kika san ba a cirewa?"

Wannan ita ce tambayar da take tsoro. "Ƙarfe takwas."

"Ƙarfe takwas," in ji shi. "Da na tambaye ki ƙarfe goma kika ce suna lodi."

Bai ɗaga murya ba, bai ɗaga hannu ba. Ya ajiye wayar a kan murfin tukunya ya juya. Da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Seu Adelmo ya sauko da kansa, abin da ba ya yi sai an gama aiki. Ya ji bayani a bakin Genival cikin kalma uku. Wani ya ce a bi gidaje a nemi siminti, wani ya hau babur ya tafi neman shagon da bai rufe ba. Aka samo buhu ɗaya a gidan wata tsohuwa, ya sha danshi ya zama dutse. Mai babur ya dawo bayan awa ɗaya da rabi hannu wofi. Kafin nan bakin kankaren ya riga ya fara daskarewa a rana.

Maginin ya zo inda take, ya cire hula ya sosa furfurarsa.

"Dona Valdirene, ni kuɗinki bai dame ni ba, naki ne. Amma da kin ce mini da safe ashirin da takwas ne kawai, da na tsara aikin ya tsaya a kan bangon kicin, wata rana a ɗora daga nan, babu abin da zai faru. Yanzu a tsakiyar ɗaki ya tsaya, babu bango a ƙarƙashinsa."

"In na samo siminti gobe fa, Seu Adelmo?"

"Ki samo. Za mu zuba, ki biya leburori, don waɗannan sun ba da Lahadinsu. Amma sabo da busasshe ba sa zama ɗaya. Layin nan yana nan har gidan ya rushe. Ki shafa masa kwalta, ki shafa masa abin da kika ga dama, ruwa ya san hanyarsa."

Wanda ya ɗauki bokiti dole ya ci, ko an gama ko ba a gama ba, haka al'ada take. Ta tsaya bayan tukwane tana zuba wa maza ashirin ƙafar saniya da waken da ya yi ƙauri. Kowa ya miƙo faranti ya ce an gode, Dona Valdirene, idonsa a ƙasa. Ba wanda ya yi mata habaici, kuma wannan ladabin ya fi mari ciwo. Suka ci a tsaye, da sauri, suka bar rabin giyar a cikin ƙanƙara. Cleonice ta ce kanta na ciwo, ta tafi tun kafin a wanke kwano.

Genival bai ci ba. Sabon kankare sai an shayar da shi, sau uku a yini har mako guda, in ba haka ba rana ta tsattsaga shi. Da la'asar ya ja tiyo ya hau tsani shi kaɗai.

Valdirene na cikin ɗakin kwana, zaune a bakin gado tsakanin katakan tokari, ta ji ruwa ya fara gudu a sama. Ya bi ta kan falo, ya bi ta kan kicin, ya iso inda kankare ya ƙare. Daga nan ya sami tsagar da ke tsakanin bulo, ya fara ɗiga, sannan ya zubo a jere daga wannan bango zuwa wancan, ruwan toka mai yashi, daidai tsakiyar katifa. Ta zabura ta kama gadon tana ja, katakan tokari suka tare shi, babu inda zai je.

Ta ɗaga kai. Ta cikin tsagar tana ganin ƙafafunsa.

"Genival! Yana zuba a kan gado!"

Ta san ya ji, domin ƙafafun sun tsaya. Sannan ya ce, ba da ƙarfi ba, "Ai sai ki saba," ya ci gaba da ba rufinsa ruwa.